Fitilar Kawu Tanko Ba Ta Mutu Ba

Ku yaran yanzu kuna ganin haƙar rijiya aikin ƙarfi ne kawai. A sami diga da shebur, a yi ta tono har a ga ruwa. Kwanan baya na bi ta bayan kasuwar Dutsin-Ma, na tarar da samari uku suna zura injin jan ruwa cikin rijiya da igiya, na huɗunsu yana ƙasa yana jira. Na ce su fito da injin. Suka ce, "Baba, wanga ba irin na zamaninku ba ne." Na zauna a bakin rijiyar, na ce ba ni tashi sai an fito da shi. Sun fito da shi, don sun gaji da ni. Abin da ban tsaya na gaya musu ba shi ne wannan.

Sunana Ɗanjuma. A Kurfi na koyi aikin, wajen kawuna Tanko, wan mahaifiyata. Shekara uku na yi a sama kafin ya bar ni na sauka. Aikina jan guga, zubar da ƙasa, da tufkar igiyar rama. Kowace safiya sai ya bi igiyar da yatsa tun daga wannan baki har wancan. In ya ji wuri ɗaya ya yi laushi, ba ya magana. Yanke ta yake yi, ya jefo mini.

Kayanmu ba su da yawa. Akwai dagi, sandar ƙarfe mai kaifin baki, da ita ake fasa marmara. Akwai 'yar gajeriyar diga, don doguwa ba ta juyuwa a rami. Akwai gugan fata. Da gaba muke auna zurfi, wato buɗin hannuwa biyu. A jikin bango muna sassaƙa ƙananan ramuka na taka ƙafa, dama da hagu, mu sauka da su mu hau da su. Igiya kuma ita ce bakinmu. Ka ja sau ɗaya, a ɗauke guga. Sau biyu, a sauko da shi. Sau uku, a fitar da kai, kada a tambaye ka dalili.

Sai fitila. Fitilar ƙwai ce, tsohuwa, marfin tankinta tsumma ne. Ba mai sa ƙafa a rami sai ta riga shi. A ɗaure ta da siririyar igiya, a zura ta a hankali har ƙasa, a tsaya a duba. In harshen wutar ya tsaya cak, a sauka. In ya yi ja ya kwanta, ko ya mutu, to iskar ramin ta ɓaci. Kawu ya gaji wannan daga ubansa, shi da aci-balbal yake yi. Abin da ya koya mini a kai magana ɗaya ce: inda wuta ta rayu, mutum zai rayu.

Wata tsohuwar rijiya a Makera ce ta sa na yarda da fitilar. Wani fatake mai hatsi ya kira mu yasa. Ya ga Kawu yana kunna fitila da rana tsaka, ya ce, "Malam Tanko, kananzir ya yi maka yawa ne?" Kawu ya zura ta. Fitila na kai gaba bakwai ta mutu kamar an hura ta. Ya jawo ta, ya sake kunnawa, ya sake zurawa. Ta sake mutuwa a wuri guda. Sai ya miƙa wa mutumin igiya ya ce, "Bismilla, Alhaji. Kai da ba ka cin kananzir." Muka saro babban reshen marke mai ganye, muka wuni muna zura shi muna jawowa, yana kaɗa iskar. Kashegari fitila ta kai ƙasa da ranta. Na sauka, na fito lafiya. Daga ranar, in fitila ta ce in shiga, ko ramin maciji ne zan shiga.

Rijiyoyinmu suna da aibi ɗaya. In ka iske ruwa, ba ka iya bin sa da nisa. Kana tono yana taruwa, na sama suna kwasa da guga, har ya kai maka ƙugu, dole ka bari. Irin wannan rijiya in bazara ta yi tsanani sai ta ƙafe.

Shekarar da nake nufi, 'yan shekaru ne bayan an sami mulkin kai. Damina ta ɗauke da wuri. Kafin tsakiyar rani rijiyoyin ƙauyukan Ɗantutture sun zama laka. A wani ƙauye can ciki, mutane suka koma shan wani tafki da shanu ke shiga. Kurkunu ya kwantar da rabin magidanta. Ka shiga gida ka ga namiji zaune, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Ga shuka na matsowa, ba mai iya riƙe sungumi.

A nan wani Bature ya same mu. Saurayi ne, bai girme ni ba sosai. Injiniya ne a ƙasarsu. An ce da kansa ya nemi zuwa, aikin sa kai, ba albashi yake bi ba. Ya kama ɗakin ƙasa a Kurfi, yana cin tuwon dawa, yana yawo a kan wani babur mai ƙara. Komai ya gani sai ya ciro tef ya auna, shi ya sa aka sa masa Mai Awo. Hausarsa gajeriya ce amma tana kai saƙo. Ya zo har gida ya tsuguna ya gaida Kawu, ya ce yana da siminti da rodi da inji, amma bai san ƙasa ba.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ka taɓa shiga rami?"

Ya ce, "A littafi."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To, ba ka ƙarya. Mu tahi." Muka nufi ƙauyen nan mai kurkunu, muka fara haƙa.

Zan faɗi gaskiyar mutumin nan. Ya iya aikinsa. Shi ya koya mini zuba kwalbati, zoben siminti da ake jerawa cikin rijiya don kada bango ya zaftare. Shi ya kafa mana ƙafafu uku na ƙarfe da kura a tsakiya, wato ƙarfen da igiya ke gudu a kansa, mutum huɗu suna jan abin da a da sai takwas. Yana kwaɓa siminti da hannunsa har tafinsa ya tsage. Matan gari su suke ɗauko yashi daga rafi, mazan da ke iya tsayuwa suna fasa tsakuwa. Wata dattijuwa, Goggo Lami, ita ke kawo mana fura. Kullum sai ta ce masa, "Mai Awo, yau ma ba ka auna cikinka ba? Ka rame." Shi kuma ya ce, "Goggo, fura kaɗan, ruwa da yawa." Ta ce, "Ka ba mu ruwan kirki ka ga fura."

Ranar farko da ya ga Kawu ya zura fitila, ya tambayi dalili. Aka gaya masa. Ya jinjina kai, ya rubuta a littafinsa, ya ce dabara ce mai kyau. Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai.

A gaba goma sha ɗaya muka iske ruwa. Nan aikin injin ya zo. Mai Awo yana so mu bi ruwan gaba biyu, yadda ko shekara ta yi muni rijiyar ba za ta ƙafe ba. Amma injin ba ya iya zuƙo ruwa daga sama, zurfin ya fi ƙarfinsa. Sai aka kafa masa dandamalin katako a cikin rijiyar, gaba uku daga ƙasa, aka bar 'yar kafa a gefe inda mutum da guga za su wuce. Tiyo ɗaya ya sauka cikin ruwa, ɗaya ya hau sama. Ga kuma bututun ƙarfe da aka haɗa da bakin salansa, ya bi bango har waje, don hayaƙi ya fita. A kan bututun nan ya tara mu, ya ce, "Hayaƙin inji yana kashe mutum. In bututu ya lalace, ba aiki. Kun ji?" Muka ce mun ji.

Kwana shida abin yana tafiya daidai. Ni nake sauka in tayar da injin, in hau. Ruwa ya janye, a zura fitila, Kawu ya sauka ya yi tono. Bai yarda kowa ya taɓa gindin rijiyar nan ba sai shi.

A rana ta bakwai da safe na sauka kan dandamali, na ga girgizar injin ta tsage bututun, daidai inda ya haɗu da salansa. Tsagar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Na hau na gaya wa Kawu a gefe. Mai Awo yana can ƙarƙashin tsamiya yana zuba kwalbati.

Kawu ya ce, "In ka gaya mashi, mi zai yi?"

Na ce, "Zai tsai da aiki, ya kai shi Katsina a liƙe."

"Kwana nawa?"

"Mako, ko ya fi."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Kwana biyu ke nan hadari na haɗuwa yana watsewa. In ruwan sama ya sauka kafin mu jera kwalbati na ƙasa, bangon zai jiƙe ya rufta, aikin wata uku ya tafi, gari ya koma tafki. Ya ce, "Ɗaure shi da roba da tsumma. In iska ta ɓaci, ai fitila za ta faɗa mana."

Ban yi gardama ba. Ba don tsoronsa ba. Ni ma haka na gani. Na yanko tsohon tub na keke, na naɗe tsagar tam, na tayar da inji, na hau. Ruwa ya janye. Muka zura fitila. Ta kai ƙasa, harshenta tsaye. Kawu ya yi bismilla, ya zauna a madaurin igiya, aka sauke shi. Da ya isa ya kwance igiyar daga jikinsa, yadda ya saba, don tana hana shi juyi. Ya rataye fitilar a wani guntun rodi kusa da kansa.

Guga biyar suka fito cike. Na shida ya fito rabi. Ina riƙe da igiya, ba na jin komai sai ƙarar inji, amma hannu yana jin aikin mutum. Na leƙa ta kafar dandamali na yi kira, "Kawu, lafiya?"

Muryarsa ta taso a hankali. "Kaina ke sarawa. Furar Lami ce."

"In jawo ka?"

"Kai, dubi fitila mana."

Na duba. Tana ci, fes.

Na sauke guga na bakwai. Na jira a ja igiya. Ba a ja ba. Na girgiza ta. Shiru. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiya na kare ido da hannu. Ta kafar nan na hango shi. Yana zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya faɗo a ƙirji, dagi a kan cinyarsa. A saman kansa fitila na ci, ko rawa harshenta ba ya yi.

Na yi shekaru ina ganin rami, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba. Mutum a kwance, wuta a tsaye.

Masu jan igiya suka leƙa, suka ja da baya. Ɗaya ya ce, "Ba ɓacin iska ba ne, ga wuta na ci. Masu wurin ne, aljanu, suka taɓa shi." Nan take aka watse daga bakin rijiyar, ana salati. Mai Gari ya zo yana ɗingishi da ƙafarsa mai kurkunu, ya ce kada wanda ya sauka sai an kira malamai. Ni kaina ban sauka ba. In ɓacin iska ne, na san maganinsa. Wannan ban san shi ba.

Mai Awo ya iso a guje, siminti har gwiwar hannu. Ya leƙa sau ɗaya. Ya juyo ya kama kafaɗata. "Bututu?"

Na ce, "Ya tsage. Na ɗaure."

Bai zage ni ba. Ya fizgi igiya ya fara ɗaura wa kansa. Na ƙwace. Na ce, "Kafaɗarka ba za ta wuce kafar nan ba. Ka maƙale, ku zama biyu."

Ya ce, "To ji. Kashe inji tukuna. Kada ka yi numfashi da yawa. Kada ka kwance igiya. Kada ka dubi fitila, ba ta san wannan hayaƙi ba."

Ba mai jan igiya. Sai Goggo Lami ta ajiye ƙwaryar fura, ta sha ɗamara, ta kama igiyar. Ta ce, "Ku maza, ku tsaya nan ku yi kallo. Mutum ya shiga rami don 'ya'yanku. In masu wurin ne, su fara da ni." Kunya ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Aka sauke ni da igiya ɗaya a kan gungumen da aka gitta a bakin rijiya, ina riƙe da ta kura. A dandamali na ga robar ta narke, tsumman ya ƙone. Hayaƙin ba shi da yawa, ko ido ba ya rufewa. Na kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai na ji abin da na manta da shi: ruwa yana tsattsafowa. Injin ne ke riƙe da shi. Yanzu zai hau, ga Kawu a zaune.

Na zura jiki ta kafar. Kafin in taka ƙasa ruwa ya rufe masa cinya. Na ɗaga kansa. Idonsa a buɗe rabi, leɓensa ja kamar ya ci goro. Na zagaya igiya ta ƙarƙashin hammatarsa. Ƙullin da na yi sau dubu, ranar nan yatsuna suka manta shi. Na ƙulla ya kwance. Kaina ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Ruwa ya kai masa ciki. Na sake ƙullawa, na ja da haƙori. Fitilar tana daidai kunnena, ina jin ɗuminta.

Da tsohuwar rijiyarmu ce, da na taka ramukan bango na hau. Kwalbati sumul yake, ba wurin sa ƙafa. Na ja igiyata sau uku. Suka ɗaga ni zuwa dandamali, na yi ihu su tsaya. Na kwanta a kan katako, na ce su ja ta kura. Kawu ya taso yana juyawa kamar buhu. Kansa ya bugi katako. Na kama wuyan rigarsa, na karkata kafaɗarsa, na tura shi ta kafar. Na ga tafin ƙafarsa yana tafiya sama. Na ce bari in miƙe. Abin da na sani ke nan.

Na farka a gindin tsamiya ina amai. Kusa da ni Mai Awo ya durƙusa a kan Kawu, ya toshe masa hanci, yana hura masa iska baki da baki. Mutane suna ta surutu, wani yana cewa a hana shi, wannan wane irin abu ne. Mai Gari ya ce, "Ku bar shi." An daɗe. Sai ƙirjin Kawu ya motsa da kansa. Goggo Lami ta kwance mayafinta, aka goya shi a bayan Mai Awo kamar jariri, ƙanen Mai Gari ya hau baya ya tallafe shi, babur ya nufi Dutsin-Ma. Daga can mota ta kai shi asibiti a Katsina.

Da la'asar wani ya sa ƙugiya ya jawo fitilar. Tana ci.

Kawu ya rayu. Bayan mako biyu aka dawo da shi. Hannunsa na dama yana rawa, magana tana yi masa nauyi, wani lokaci ya kira ni da sunan ubana. Bai ƙara riƙe dagi ba.

Gari kuwa suka ce a cike rijiyar, ba mai shan ruwan da masu wuri suka hana. Mai Awo ya roƙi Mai Gari a tara mutane. Ya sa aka ɗauko Kawu a kan jaki, aka zaunar da shi a tabarma. Ni na sauka da igiya na tayar da injin da tsagaggen bututunsa, aka fizgo ni nan da nan. Aka jira. Sannan ya kunna fitilar Kawu, ya sa kaza a kwando, ya ɗaure su a igiya ɗaya, ya zura. Da ya jawo, kaza ta saki wuya, ƙafafu a miƙe. Fitila tana ci.

Ya ce wa mutane, "Ba aljani. Hayaƙi ne." Sannan ya je gaban Kawu ya tsuguna. Ya ce, "Malam Tanko, na ga fitila, na ce tana da kyau. Ban ce maka ba ta ganin hayaƙin inji ba. Na sani, ban faɗa ba. Laifina ne."

Na ce, "Ni na ɗaure bututu."

Kawu bai dubi kowa a cikinmu ba. Ya miƙa hannun hagu, aka ba shi fitilar. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Shekara talatin ina tambayarki." Ya ɗaga ƙwan, ya hura, ta mutu.

Mun gama rijiyar kwana huɗu kafin ruwan farko. Ba a ƙara sa inji a ciki ba. Da guga biyu aka yi ta kwasa, maza da mata a layi, ni ina ƙasa da igiya a ƙirji. Gaba ɗaya da rabi muka samu, ba biyu ba. Mai Awo ya auna, ya ce ya isa. Ya yi wata shekara tare da mu, muka yi rijiya biyar, sannan ya koma ƙasarsu. Ta ƙauyen nan har yau ana ce mata Rijiyar Bature, kuma ban ji ta ƙafe ba.

Kawu ya yi shekara tara bayan haka, yana zaune a zaure yana tufka igiya da hannu ɗaya da yatsan ƙafa. Duk safiyar da zan fita aiki sai ya tsai da ni.

"Ɗanjuma, akwai inji a ramin?"

"Babu, Kawu."

"Ka ɗauki kaza?"

"Na ɗauka."

"To, tahi."

Shekara arba'in na yi ina yawo da fitila a hannu ɗaya, kaza a ɗaya, ana yi mini dariya daga Kurfi har Makera. Masu dariyar, na san huɗu da aka fito da su da ƙugiya.

Samarin nan na bayan kasuwa, da na tashi zan tafi, na ji ɗaya yana gaya wa ɗan'uwansa ba komai, ai sun haska tocila sun ga ƙasan rijiyar fes. Na koma na zauna.